Mun Je Neman Duhu, Kaka Ya Kunna Mana Wuta

Tun da na dawo, ƴan ajinmu sun hana ni sakat. A ƙofar lise, makarantarmu, a wajen mai farimasa, har a layin famfo: “Balkisa, ina hoton? Balkisa, yaya tafiyar?” Laifina ne, don ni na cika musu kunne kafin in tafi. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Wadda ta yi dariya a gabana kuma, ba ni ba ita har hutun vakans.

Yayana Nasiru ɗalibi ne a jami'a, can Lamorde. Wani malaminsu ya ara masa kamara ta ɗaukar taurari. Kada ku kawo a ranku irin ta masu hoton biki. Wannan ja ce, girmanta kamar gwangwanin tumatir, ba allo, ba maɓalli. Ana murɗa ta a gindin teleskop, madubin hangen nesa, a ja waya zuwa ordinata, wato kwamfuta. Kuma ba ta yin ƙyas ta gama. Sai ta buɗe ido ta yi ta kallon wuri guda tana tara haske kaɗan-kaɗan, kamar mai tarar ruwan sama da kofin shayi. Hoto bayan hoto bayan hoto, sannan ordinata ta haɗe su wuri ɗaya, abin da ido ba ya gani ya fito.

Malamin ya ce masa: “Ka kawo mini hoto ɗaya mai kyau ranar Litinin, in bar maka ita har ƙarshen shekara. In ba ka kawo ba, akwai masu jira.” Abin da Yaya yake so ya ɗauka wani gari ne na taurari mai suna Andromed, wanda ya ce nisansa ya wuce hankali.

Mun gwada a saman gidanmu na Banifandu, cikin Yamai. Sama ta fito ja-ja kamar miyar da ta sha manja. Hasken gari ne ya ɓata komai: fitilun titi, shagon tela na kusa da mu da ba ya rufewa, motoci. Ran da aka ɗauke wuta muka yi tsalle, kafin mu gama hawa bene duk unguwa ta tada gurup, injin ba da wuta. Yaya ya ce babu mafita sai ƙauyen Kaka, bayan Dogon Dutsi, dab da iyaka, inda ko sandar lantarki babu. Kuma sai daren Asabar, don wata ya ƙare, ba zai fito ya dame mu ba. Dare ɗaya ke nan gare shi. Na nace sai na bi shi, Inna ta yarda don ta samu kwana biyu ba surutu.

A nan na yi ɓarnar. Inna ta ce in kira Goggo Hajo, ƙanwar Baba da ke riƙe da gidan Kaka, in shaida mata muna tafe. Magana ce ta numfashi ɗaya. Amma ni ce.

“Goggo, da kamara za mu zo. Daga ƙasar waje aka kawo ta, duk Nijar babu irinta. Da dare za a yi ɗaukar, a ƙofar gidan Kaka.”

“Ke Balkisa! Irin ta tele?”

“Ta tele ai yarinya ce a gabanta. Duniya za ta gani.”

Na kashe waya ina jin daɗin kaina. Ban faɗa wa Yaya ba, don ban ga abin faɗa ba.

Bayan sallar asuba muka isa tasha. Faɗan farko da yaron mota aka yi shi. Ya rantse akwatin teleskop sai saman mota, tsakanin buhunan albasa da wani rago da ke kallon kowa da raini. Yaya, wanda a gida ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, ya rungume akwatin ya ce sai dai a ɗaure su tare. A ƙarshe ya zauna da shi a cinya, ordinata a baya, ni kuma aka ɗora mini batirin mota da zai ba mu wuta. Nauyinsa ya kai na jaki, in an ciyar da jakin.

Kusa da ni wata Bazabarmiya ce mai sayar da turare, ta cika kujerarta da rabin tawa. Ta ce “Fofo”, na ce “Fofo”, daga nan Zabarmancina ya ƙare, ta koma Hausa. Ta tambaye ni me ke cikin akwatin. Na buɗe baki ke nan Yaya ya taka mini ƙafa. Ya ce, “Kayan makaranta ne, Hajiya.” Kun ga, shi ya san ni. Ya dai makara ne.

A shingen fita gari jandarma suka karɓi kartin shaidar kowa. Ɗaya ya ce a buɗe akwatin. Da ya ga farin bututu da ƙafafu uku, fuskarsa ta canza, ya ɗauka makami ne, mai turare ta fara salati. Yaya ya sauka ya yi bayani cikin ladabi, ya sa wa bututun ɗan gilashin leƙe, ya saita shi can nesa a kan hanya. Jandarman ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa. Wata motar itace ya gani tana tafe ƙafafu sama. Ya kira abokinsa shi ma ya gani. Suka yi ta dariya, suka ce mu gaida taurari. Fasinjoji kuwa ba su yi dariya ba, don mun tsayar da su rana ta fara zafi.

A Dosso muka ci dambu da zogale a leda, ya ji ƙuli da yaji har hancina ya yi ta zuba. A Dogon Dutsi muka sauka, muka hau baburan kabu-kabu biyu. Hanyar ƙauyen rairayi ce da ramuka, batirin yana ta tsalle a cinyata. Sai da na sauka na ga ruwansa ya ɗiga, ya huda mini sabon zane. Na ɗauka wannan ce masifar tafiyar. Ashe gaisuwa ce kawai.

Tun daga nesa na ga wani abu bai yi daidai ba. Lokacin kaka ne, ya kamata kowa yana gona ana ɗaurin hatsi. Amma ga mutane cike da ƙofar gidan Kaka. An share filin har ana ganin sawun tsintsiya, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Daga itacen dalbejiya zuwa rumbu an ja waya, ampul-ampul, ƙwayayen fitila, na reto a jikinta. A gefe, ƙarƙashin zana, ga wani jan gurup zaune kamar ango.

Yaya ya tsaya cak. “Biki ake yi?”

Goggo Hajo ta fito da guɗa. Hannu da ƙafa sun sha lalle, ga ƴan kunnen da ba ta sawa sai da salla. Bayanta mata da ƴan mata, kowa da kwalliya. Kaka ya taso da farar riga mai aiki, ya kama hannuna yana wasan da ya saba yi da ni.

“Uwargida ta iso! Kin rame, birni ba ya ba ki abinci? Dubi abin da mijinki ya yi miki. Hajo ta ce da dare za ku ɗauka, na ce baƙona ba ya aiki cikin duhu kamar ɓarawo. Na aika ƙetaren iyaka wajen Alhaji Dodo, abokina, ya aro mini injinsa. Mai gari ma yana tafe bayan isha.”

Yaya ya ajiye akwatin. Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ya fi mari. Ni kuwa na duƙa ina gyara takalmin da bai lalace ba.

Mutanen can ba kamar mu ba ne. A Yamai ka ce “ina kwana” kana tafiya, kafin a amsa ka kai kwana. A can sai an tambaye ka gajiya, da gida, da mutanen gida, da zafi, da hanya, a koma kan gajiya. Duk tsohuwar da ta gaishe ni sai ta ƙara da, “Allah ya yi miki albarka, kin tuna da mu.” Kowace albarka kamar ana ɗora mini wani batirin. An yanka akuya. An kawo fura a ƙwarya, mai kauri da nono na gaske, ba irin madarar leda da muke sha ba. A ɗakin Goggo aka sauke ni, tare da wata zabuwa mai kwanci a bayan randa wadda ta tsane ni tun ganin farko. Na ci tuwo da nama, amma wallahi ban san ɗanɗanonsa ba.

Na samu Yaya a bayan rumbu yana haɗa kaya. Na ce masa ya gaya wa Kaka a kashe wutar.

“Ni? In dubi tsoho da ya aika ƙetaren iyaka ya roƙo inji, ya yanka akuya, in ce ya kashe? Me kika ce musu?”

Na faɗa masa. Ya ci gaba da haɗa kayansa.

“Mu tafi gona can nesa mana,” na ce.

“Mu bar mai gari zaune a tabarma yana jiran mu? Ke dai ba ki da lissafi.”

Bayan isha aka tada gurup. Ƙauyen da bai taɓa ganin dare da haske haka ba ya koma kamar Babbar Kasuwa. Yara na tsalle suna kama ƙwari. Mai gari ya zo da mutanensa, aka ba shi kujera. Yaya ya kafa ƙafafun teleskop, yana neman tauraron arewa, don da shi ake daidaita injin da ke juya bututun ya bi sama a hankali. Tauraron can ƙasa-ƙasa yake, kuma daidai wajen an rataye ampul mafi girma. Ya gwada ɗauka duk da haka. Allon ordinata ya fito fari fat kamar an zuba nono.

Mutane kuwa sun ga bututun yana kallon sama, suka ɗauka gyara ake yi. Da aka gaji da jira, Kaka ya ja kujerarsa ya ajiye a gaban teleskop, ya gyara hula, ya ɗora sanda a gwiwa.

“Nasiru, sauko da bakinta. Fara da ni da mai gari, sannan mata.”

Abin da ba su sani ba, ko an sauko da ita, kamarar nan ba ta ganin mutum a kusa. Sai abin da ke can inda ba a zuwa. Yaya ya tsaya da waya a hannu, gumi na bin wuyansa. Na san shi. Zai sauko da bututun, ya yi kamar yana ɗauka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har gari ya waye, ranar Litinin ya mayar da kamara hannu wofi, kuma ba zai taɓa cewa ni ce ba. Na ga hannunsa ya kai kan maƙullin da ke sauko da bututun.

Ban san lokacin da na isa gaban Kaka na durƙusa ba. Ƙarar gurup ta sa dole na ɗaga murya, don haka har na bayan danga sun ji.

“Kaka, ƙarya na yi wa Goggo. Ba ta tele ba ce. Ba ta ɗaukar mutane, taurari take ɗauka. Duhu muka zo nema. Wutar nan ita ke hana aikin, kuma in Yaya bai ɗauka yau ba za a karɓe masa ita.”

Gurup kaɗai ke surutu. Mai gari ya sunkuyar da kai yana duban carbinsa. Wata yarinya ta fashe da dariya, aka make ta. Kaka ya dube ni, ya dubi bututun, ya dubi ampul ɗin da ya sa aka rataya.

“Gaskiya ne, Nasiru?”

“Gaskiya ne, Kaka. A yi haƙuri.”

Ya tashi a hankali. Bai aiki kowa ba. Da kansa ya taka har wajen gurup, da farar rigarsa, ya duƙa yana laluben inda ake kashewa. Bai sani ba. Ya taɓa nan, ya taɓa can, duk gari na kallo, har wani saurayi ya je ya nuna masa. Injin ya yi tari ya mutu.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, kuma na gode Allah da shi, don ya rufe mini fuska. Ba na ganin kowa, ina dai jin su: ana naɗe tabarmi, awarwaro na ƙara, takalma na ja da baya, mai gari na sallama ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da na ji sauƙi.

Da idona ya saba, na ɗaga kai. Ku da ba ku taɓa barin Yamai ba, abin da kuke kira sama ba ita ba ce. Amma ba zan tsaya ba ku labarinta ba, don daren nan ƙasa na fi kallo.

Yaya ya samu tauraron arewa, ya daidaita inji, ya yi ta murɗa wani ɗan maƙulli har taurarin da ke allo suka tashi daga ƙosai suka koma tsinin allura. Ya rufe ordinata da zanena mai huda don haskenta kada ya fita. Ya ce kada in yi tafiya kusa da ƙafafun, ko tari zan yi in je nesa. Sai muka ji ana jan tabarma. Kaka ne. Ya zauna a bakin hanya da sandarsa. Duk wanda ya ɓullo da cocila sai mu ji muryarsa: “Kai, kashe! Ana aiki.” Har wani mai babur ya sa ya kashe fitila ya tura da ƙafa. Amma ni bai ce mini uffan ba.

Hoton farko ya fito, toka-toka, da ɗan tabo a tsakiya kamar an taɓa gilashi da yatsa mai mai. Na ce a raina, don wannan aka yanka akuya? Kamara ta ci gaba da tarawa. Wani hoton jirgi ya ja masa layi, Yaya ya jefar. Can wajen asuba ya rufe bakin bututun da murfi ya ci gaba da ɗauka. Na ɗauka ya zautu. Ya ce hoton duhu zalla yake yi, don kamarar tana da nata dattin idan ta yi zafi, sai an san shi ake cire shi daga hoton gaske.

Da ordinata ta gama haɗawa, tabon nan ya buɗe. Ya zama kamar faifai da aka karkata, tsakiyarsa na haske, gefensa da zare-zaren duhu, ga wani ƙaramin tabo kusa da shi kamar ɗa. Yaya ya riƙe baki. Ya kai wa Kaka. Kaka ya daɗe yana kallo, ya ce, “Allah mai iko. Zai ishi malamin naka?” Yaya ya ce in sha Allah. Kaka ya ce to madalla, ya tafi alwala.

Da safe na ɗauki wayar Yaya na je wajen Goggo, na ce ta kira matan in ɗauke su hoto ko da da waya ne. Tana daka, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Jiya muka yi kwalliya. Yau ranar gona ce.”

Sai aka ce Kaka na kira. An ɗora gurup a amalanke, an ɗaura jaki. Ya ce, “Balkisa, hau. Za mu mayar wa mai abu abinsa.” Sunana ya kira, ba wasa a ciki.

Haka na fita ƙasar waje karo na farko a rayuwata. Na zaci zan ga tuta da ƙarfe da masu kaki. Gonar hatsi ce kawai, sai wani dutse da aka shafa wa fenti, akuya na kwance a jikinsa. Daga can mutanen irin namu ne, fura irin tamu, sai dai gurup sun ce masa janareta, lakwal kuma sun ce makarantar boko.

Alhaji Dodo yana zaune a ƙofar gida da jama'arsa. Gajere ne mai ƙaton ciki da babbar murya. Tun kafin a sauke injin ya ɗaga hannu.

“Ga ɗan tele! Yaushe za a nuna ka, in tara iyali mu kalla?”

Kaka ya gaisa da kowa, ya zauna, ya ce, “Ga mai labarin nan. Tambaye ta.”

Na sake durƙusawa na maimaita komai. Ni kaɗai ce a ajinmu da ta sha kunya a ƙasa biyu cikin yini ɗaya, wannan ku rubuta ku ajiye. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Amma ba ni yake wa dariya ba. Kaka yake nunawa da yatsa yana cewa, “Ka ari wuta don masu neman duhu! Har da riga mai aiki!” Jama'arsa na taya shi. Kaka ya yi murmushi, ya sha ruwan da aka kawo, ya yi godiyar aro kamar yadda ake yi, muka juyo.

Amalanke ba kaya, sai ƙarar ƙafar jaki. Mun wuce dutsen mai fenti sannan na ce:

“Kaka, ka yafe mini ƙaryar da na yi.”

Bai juyo ba. Ya taɓa jakin da sanda.

“Ƙaryar ƙuruciya ce, kowa ya yi. Wadda ta yi mini ciwo gaskiyar ce. Kin zo tun la'asar. Kin ci tuwo a gidana, kin wuce ni a zaure ni kaɗai ina jan carbi. Da kin raɗa mini a kunne, da na ce wa mutane injin ya lalace, kowa ya tafi da mutuncinsa. Sai da kika bari na zauna gaban mai gari na gyara hula.”

Har muka shiga gari ban ɗago kai ba.

Malamin ya bar wa Yaya kamarar. Hoton yana wayarsa, mai son gani ya je ya roƙe shi. Ni ban iya kallonsa. Kowa in ya duba taurari yake gani, ni kuwa tsoho nake gani da farar riga, ya duƙa yana laluben inda ake kashe wuta.